Farin Gurbi a Taswirar Dakta Makelesi

Suva, 5 ga Maris

Maman Litia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Mama? Ya tarin nan na Litia? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam jiki ne kawai lafiya. Kin san aikina na kowace Laraba: in zuba ruwan magani a 'yar na'ura, in ɗaura ta a balan-balan in saki, ta yi ta aiko da yawan iskar ozon da ta tarar har balan-balan ɗin ya fashe. Kin kuma san shugabarmu Dakta Makelesi ta gano ozon ya ƙaru a samanmu cikin wata goma sha huɗun nan. Ran ashirin ga wata za ta kai wannan labari taron masu haɗa taswirar ozon ta duniya. Har sabuwar riga ta ɗinka.

To, jiya ina gyara aljihun tebur sai na ga katin haɗa ruwan maganin guda biyu ne. Ashe na dā nake bi, wanda tsoho Apakuki ya rubuta tun kafin ya yi ritaya, mai gishirin magani ninki biyu. Wata goma sha huɗu cif, tun da haɗin ya dawo hannuna! Wallahi ina jin ƙaruwar ozon ɗin nan daga kuskurena take.

Ba wanda ya sani. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Sailosi

Suva, 11 ga Maris

Maman Litia,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi da Mama ta fara cin abinci.

Wasiƙarki ta iso da faɗanki a ciki. Kin ce in gaya wa Dakta Makelesi kawai. Daga can gida Kadavu ai da sauƙin faɗa! In na buɗe baki, ƙila aikin ya tafi. In na yi shiru, za ta tsaya gaban duniya da maganar da ba haka take ba, kuma ranar da wani ya bincika, sunanta ne zai ɓaci, ba nawa ba.

Yau na ɗaura na'ura biyu a balan-balan ɗaya, ɗaya da haɗina, ɗaya da na daidai. Na ce mata gwaji ne. Bambancin da ya fito shi ne ƙaruwar da take murna a kai, ba ragi ba ƙari.

Da rana ta same ni a fili ta ce, "Sailosi, wannan rama fa? Ko matarka da tukunyar ta tafi?" Ta miƙo min rogo da kifi a madarar kwakwa, ta ce ta sa sunana a takardar taron. 

Na je wurin Apakuki na gaya masa komai. Ya zage ni tas, sannan ya ce in nemo saiwar yangona mai kyau, wadda ake kaiwa neman gafara a al'adarmu, zai raka ni. Ina jin tsoro, Vasemaca matata, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Sailosi

Suva, 17 ga Maris

Maman Litia,

Da fatan kun tashi lafiya. Ki gaida Mama da kyau.

Jiya muka je. Na zauna a ƙasa a ofishin Dakta Makelesi, kai a sunkuye, saiwar a gabana, Apakuki yana ba da haƙuri a madadina yadda aka saba. Ta duba alƙaluman gwajin har sau biyu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce kuskuren kati kowa na iya yi. Abin da ya yi mata ciwo shi ne kwana goma sha biyu ina kallonta tana shiri, har ina ce mata rigar ta yi kyau.

Har na cire rai. Sannan ta tafa hannu ta karɓi saiwar. An yafe ke nan, aikina yana nan, amma mabuɗin kabad ɗin magani ya koma jakarta.

Ta janye jawabinta. Ta kuma sa an cire watannin nan daga taswira, don nakan zuba sabon haɗi a kan ragowar tsoho ban rubuta rana ba, shi ya sa ba ta san ko alƙaluman za su gyaru ba. Yanzu ko'ina akwai launi, sai samanmu kaɗai fari fat.

Litia ta ce in aiko mata taswirar ta ga aikin babanta. Ga ta nan cikin ambulan. Ki nuna mata farin wurin, kuma kada ki gyara min labarin.

Naki har kullum,
Sailosi