Injiniya, Agogona Ya Zama Na Unguwa

Zuwa ga Injiniya mai ƙera agogon kwalba da hannu, a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Allah ya ƙara basira.

Ranka ya daɗe, ba lallai ka tuna ni ba. Ni ce yarinyar nan mai shuɗin hijabi da ta tsaya gaban teburinka a wajen baje kolin sana'o'in hannu lokacin dogon hutu, na ƙame kamar an dasa ni, har ka tambayi gwaggona ko ba na jin magana ne. Ina ji, kunya ce. Sunana Hauwa'u, a gida Jidda ake ce mini. Ina ajin ƙarshe na sakandare, muna zaune a Tudun Ƙofa, nan Keffi.

Na san ba tarbiyya ba ce yarinya ta kai ƙarar babba gaban jama'a. Amma na kira wayarka, kana ɗauka bakina ya mutu, na kashe. Na sake kira, haka aka yi. Da na ƙara, sai ka ce ko wane ne wannan ya ji tsoron Allah. Na rubuta maka saƙo mai tsawo, ka aiko mini da hoton babban yatsa. Injiniya, babban yatsa bai gyara komai ba. Shi ya sa na ba ƙawata wannan takarda ta sa a shafin sada zumunta da 'yan Keffi ke karantawa, ko Allah zai sa wani ya nuna maka.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin agogon ba: gogaggen katako ne, an dasa masa kwalabe shida a tsaye, kowace kamar babban yatsan namiji. Cikin kowace kwalba akwai siraran wayoyi da aka lanƙwasa suka zama lambobi. In aka jona shi da wuta, sai lamba ta kama, ja-ja-ja, kamar garwashin turaren wuta amma ba hayaƙi. Ka ce kwalaben sun girmi Babana, an daina yin irinsu, kai kake nemo su ka raya su.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ba zan ɓoye ba. A cikinsu kowace jaruma tana da abin da take zuba wa ido a ɗakinta in tunani ya taso mata. Ni abin da ke bangon ɗakina kalandar kantin magani ce, mai hoton maganin tsutsar ciki. To da na ga agogonka, nan take na hango kaina zaune bakin gado, ƙofa a rufe, littafi a cinya, wannan jan haske yana sauka a gefen fuskata. Na sayar da akuyar da Kaka ta ba ni, na haɗa da abin da na tara na zanen lalle, Gwaggo ta cika mini sauran tana ta mita. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Ba ka gaya mini agogon ba shi da ƙwaƙwalwa ba. In aka ɗauke wuta ya mutu, wannan na yarda. Amma in aka dawo da ita, ba ya tuna inda ya tsaya. Sai ya farka da sifili shida reras, ya fara ƙirga daga farko kamar yau aka halicci duniya. Daga baya yayana Sani, mai tasi tsakanin Keffi da Abuja, ya bincika mini ya ce akwai wani ɗan batir da ake sa wa irin waɗannan agogo don su riƙe lokaci, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Ranar da na saya, Gwaggo ta gaya maka Keffi za mu kai shi. Ka yi dariya ka ce ai Keffi yanzu Abuja ce. Ranka ya daɗe, kuɗin haya ne kawai ya zama na Abuja. Kai shagonka da sola yake aiki, shi ya sa agogon bai taɓa mantuwa a gabanka ba.

Da fari ina saita shi. Maɓallan nan biyu na baya, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna dab da wurin da ka ce kada in taɓa don wutarsa tana da ƙarfi. Haka nake lallaɓawa da addu'a a bakina, in danna, in danna, in gama, in koma in zauna, sai a sake ɗaukewa.

Na biyu. Wata rana na tafi makaranta na bar shi haka. Maƙwabciyarmu Maman Chidi, mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda, ta shigo aron turmi, ta hango shi ta ƙofa. Ta tambayi Kaka me ya sa agogon Jidda yake cewa ƙarfe biyu alhali rana ta kusa faɗuwa. Kaka ta ce ai agogon banza ne, daga sa'ar da aka kawo wuta yake fara nasa lissafin. Kaka ta ce matar nan ta ajiye turmin a hankali, ta dafe ƙirji, ta ce, "Mama, wannan ba banza ba ne o. Wannan shi nake nema tun na zo Keffi."

Ashe ita damuwarta kullum in ta dawo daga kasuwa ta san tun yaushe firizarta take samun wuta, don in ta buɗe kafin ƙanƙara ta kama, sanyin ya gudu. Kafin mako ya zagayo labari ya cika layinmu. Mai markaɗe yana son sani, mai guga yana son sani. Matan da suka ajiye miya a firij suka tafi aiki suna son sanin ko miyar ta sha zafi. Yanzu ba a ce mini ina kwana. Sai dai, "Jidda, nawa ya ce?" Maza ta taga suke tambaya, ni da ko sallamar baƙo na ji sai na nemi bayan labule. Mata kuwa kai tsaye suke shigowa, su zauna bakin gadona, su kwance goyo, su ɓare gyaɗa. In an ɗauke wuta ma ba sa tafiya, wai bari su jira su ga tashinsa.

Injiniya, rabona da karanta shafi guda cikin natsuwa har na manta. A littafin da ke hannuna yanzu, saurayin ya tsayar da mota cikin ruwan sama, ya juyo ya kira sunanta, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Tun kafin a fara cin sabuwar masara bakinsa yake buɗe. Ruwa yana ta dukan bawan Allah, ni kuma ina can ina gaya wa mai guga awa nawa.

Abin da ya fi ci mini rai, ranar da na daure na saita shi daidai da wayar Baba, unguwa ta rikice. Maman Chidi ta ɗauka awannin wuta ne agogon ya nuna, ta buɗe firiza ta tarar da ruwa tsululu. Aka kawo ƙarata. Babana malamin makaranta ne, mutum ne da bai yarda da minti ɗaya na latti ba, amma shi ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce, "Uwata, daga yau kada ki ƙara ɓata agogon nan." Ka ji fa. In ya faɗi lokaci daidai, shi ne na ɓata shi.

Na uku. Duk ƙa'idojin kula da ka ba ni na riƙe su kamar karatun allo. Ka ce a goge shi da busasshen tsumma mai laushi, na yanka sabon ɗankwalina. Ka ce ban da rana, ban da laima, ban da hannun yara, shi ya sa na ƙi a mai da shi falo inda ƙannena ke dambe. Amma ba ka ba ni ƙa'idar Kaka ba. Ita tun ƙuruciyarta duk yamma take zare gilashin fitilar ƙwai ta goge da toka, kuma a ganinta duk gilashin da wuta ke ci a cikinsa haƙƙinsa ke nan. Na dawo daga islamiyya na same ta da toka a murfin kwano, ta kama kwalba ɗaya tana murɗawa, tana cewa wanda ya ƙera wannan fitila bai san aiki ba, ya ɗaure gilashin tamau. Ihun da na yi, ni kaina ban san ina da irin wannan murya ba. Ta saki, ta ce akuyar da ta ba ni ta fi wannan abu hankali, ko ba komai ita tana haihuwa. Tun ranar kwalbar ta ɗan karkace, kamar mai sauraron gulma, lambarta kuma wani lokaci sai ta yi rawa kafin ta tsaya.

Sannan ka ce lokaci-lokaci lambobin za su riƙa gudu gaba ɗaya na ɗan taƙi, wai don lafiyar kwalaben ne, kada wata lamba ta dushe. Ni na gane. Matan unguwa ba su gane ba. Wasu sun ce alama ce za a ɗauke wuta, da sun gani sai su zabura su yi gida da gudu neman caja. Abin haushin, sau da yawa sai a ɗauke ɗin. Yanzu har kwarjini agogon ya yi, akwai wadda take yi masa sallama.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ajiye kunya na ɗauki biro. 'Yan layinmu sun daɗe suna rigima da masu wuta kan kuɗin da ake yanko musu da ka. Sun yi taro, suka ce ga shaidar awannin da ake ba su wuta Allah ya kawo har gida. Sun yanke shawarar ƙarshen watan nan za a ɗauke agogon daga ɗakina a kai shagon Maman Chidi, a kafa shi saman firiza, inda kowa zai gani ba sai ya yi sallama ba. Baba ya amince, ya ce abin da zai amfani jama'a ba a rufe shi a ɗakin yarinya. Aka tambaye ni ra'ayina gaban manya. Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi, a zuciyata ina jero jawabi mai ratsa jiki, aka ce to alhamdu lillahi, ta yarda.

Ranka ya daɗe, ka san shagon ƙanƙara? Ƙasa ruwa, sama raɓa, rana tana shiga har ƙuryarsa da hantsi, yara kuma duk wanda ya zo sayen ruwa sai ya taɓa abin da ya gani. Duk abin da ka ce a kiyaye, a can aka tara shi. Da bakinka ka ce in kwalba ta mutu samun madadinta sai an sha wuya. Ba zai ga ƙaramar salla ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ka sa masa ɗan batirin nan kafin ƙarshen wata. Yaya Sani ya yarda zai kawo maka shi a tasi, a naɗe cikin bargona, a kujerar gaba, ya ce ko fasinja ba zai ɗauka a wurin ba. In ka karɓa, ka duba mini kwalbar da ta karkace. Da zarar agogon ya koma faɗin lokaci na gaskiya, ko an ɗauke wuta ko an kawo, babu wanda zai ƙara waiwayarsa, kowa yana da wannan a wayarsa. Abin da nake nema ke nan. Ka mai da shi abin da ba shi da amfani ga kowa, sai ni.

Ka riƙa gaya wa masu saye gaskiya tun a gaban tebur. In mutum ya ce daga Keffi yake, ko Nasarawa, ko Agwada, kada ka yi dariya, ka sa batir.

Sannan Baba ya karɓi lambarka a hannun Gwaggo, yana son ya yi maka godiya a madadin unguwa. In ya kira, don girman Allah kada ka ce na rubuto. Ka ce kai ne ka gano kuskure a aikinka kana son gyarawa, wanda kuma gaskiya ne. In suna son mai mantuwa, ka ƙera musu nasu, ko na roba ne, su yi karo-karo su saya.

Maman Chidi, na san Chidi zai karanta miki wannan. Ina gaishe ki, ba da ke nake ba, Allah ya sa ƙanƙara ta kama.

Kai kuma Injiniya, Allah ya yi wa hannunka albarka, ya kawo kasuwa, ya raya zuri'a, ya tsare kwalabenka daga toka. Allah ya ja kwanan solarka. Amma in da hali, ya nufe ka da yini guda a Tudun Ƙofa, ka zauna bakin tagata, kai ka riƙa ba su amsa, ni in samu in ji abin da bawan Allahn nan yake son faɗa a cikin ruwa.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u (Jidda),
Tudun Ƙofa, Keffi.