Ƙarshen Fim Ɗin da Baba Ya Ɓoye

Daren Talata, Yuni 1999, Gyadi-Gyadi

Kowa a gari zancen komawar sojoji bariki yake yi, ni kuwa kaset ɗin bidiyon da na samo a kasuwar Tarauni ne ya hana ni barci. Tsohon fim ɗin damben nan ne na baƙaƙen Amurka, mara kala, wanda marigayi Baba ke haska mana a bangon tsakar gida da majiginsa. Daga ɗan damben har alƙali, duk baƙar fata ne. Baba kan ce, "Kun gani? Da guminsu suka yi abinsu."

Kullum in aka zo inda 'yan daba suka ce wa ɗan damben ya faɗi da gangan, shi kuma ya ƙi, sai Baba ya kashe majigi, wai sauran ya ƙone. Da baki yake ƙarasa mana: ya ci damben, ya koma wajen uwarsa lafiya.

Yau na kalla har ƙarshe. Ashe harbe shi suka yi. Raina a ɓace na sami Inna tana tsince shinkafa.

"Inna, ashe ƙarya Baba ya yi ta shara mana?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sauran fim ɗin yana ƙasan adakata. Ƙanin babanka ma haka ya ƙi faɗuwa a fagen dambe, aka daɓa masa wuƙa a hanyar gida. Ka bar masa nasa ƙarshen."

Na mayar da kaset daidai inda Baba ke tsayawa, na kashe. Ga ni nan zaune kamar sakarai, ina jiran a ƙarasa min.