Waƙar Wanke-wankena a Bakin Yaran Malay

Asabar da dare, Danau Kota, ƙasar Malesiya

Yau muka je bikin ƙungiyar waƙa ta yara maza a makarantar su ɗana Sadiq. Malaminsu ya ce tun kafa ƙungiyar, duk yaron da ya shigo sai ya kawo waƙar da yake ji a bakin uwarsa, a koya wa sauran. Ban kawo komai a raina ba, don ɗan nan ko na yi masa Hausa, da Turanci yake amsa min.

Kawai sai na ji yaran Malay sun ɗauka da Hausa: "Baban Sadiq gama karatu, ni na gaji, a kai ni gida."

Innalillahi! Waƙar da na ƙirƙira ce, ina yin ta ni kaɗai wajen wanke-wanke. Shekara biyar muna ƙasar nan maigidana yana karatu, ban taɓa furta masa haka ba. Ana ta tafi, yana gefena ko motsi bai yi ba.

A mota Sadiq ya ce, "Umma, na iya Hausa ko?"

Sai da muka shigo gida babansa ya ce, "Hadiza, ashe haka kika gaji?"

Na ce ai waƙa ce kawai. Ya san ƙarya nake.