Jar Riga a Ƙofar Inna

Baban Kiran,

Na tafi kai Kiran makaranta, ban tashe ka ba. In ka je ofishin jakadancin Thailand, kada ka nemi bizar mijin 'yar ƙasa. Ta 'yan yawon buɗe ido ta ishe mu, mu gaisa da Inna mu juyo.

Inna ta kira ɗazu. Maza biyu a ƙauyenmu sun kwanta lafiya, ba su farka ba. Kowane gida ya rataye jar riga a ƙofa, don fatalwar bazawara mai kashe maza cikin barci ta ɗauka babu namiji.

Ban da dariyar nan taka. Jiya wata baƙuwa ta tsaya a ƙofar Inna tana tambayar yaushe za ka iso, har da sunanka.

Ban gaya wa kowa za mu je ba.

Lamyai