Ba Wanda Ya Ce Wa Inna Ta Tashi Tsaye

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da ƙananan asibitocin yankinmu na Illela.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da jama'a. Sunana Hadiza, ɗiyar wata mai tallan nono ce ni daga wata ruga a bayan Lafani, amma yanzu aure ya kawo ni cikin gari. Karatuna bai yi nisa ba, a tsakiyar sakandare na tsaya, kuma a waya nake buga wagga wasiƙa, in ka ga ta karkace ka yi mini uzuri. Na so in zo ofis, to ban san ƙofar da ake bi ba. Shi ya sa na sa ta nan intanet inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya tura maka.

Maganar mahaifiyata ce, Inna.

Tun kafin a haife ni Inna take ɗauko ƙwarya a ka daga ruga zuwa kasuwar Illela, wani lokaci har ta tsallaka iyaka. Da goyo a baya take tafiya, tana gaisawa da mutane, hannunta ko kusa da ƙwaryar ba ya zuwa. Da damina ta bara sai ƙwaryar ta faɗi. Ba tuntuɓe ta yi ba, ba kuma wanda ya ture ta. Wata ce ta kira ta daga baya, ta juyo za ta amsa, sai ga nono a ƙasa. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, a bakin abokan tallanta muka ji.

Daga nan na fara lura. In tana tafiya hannunta na dama ba ya lilo, yana manne da jiki. Takunta ya zama ƙanana. In ta zauna shiru yatsunta na rawa kamar mai jan carbi. In za ta ɗago daga sujada sai ta dafa bango. Ni mai son ɗaukar bidiyo ce, komi na gani sai na ɗauka, to na ɗauke ta ba ta sani ba, na kwatanta da bidiyon bikina inda take tafe gaban mata. Wallahi kamar ba mutum ɗaya ba.

Ga kokena, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Mun kai Inna ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, mun koma, mun sake komawa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba kuma zan faɗi sunan ma'aikacin ba, don ba mugu ba ne. Yaro ne mai ladabi, har rusunawa yake in zai gaishe ta. Amma ladabin nan shi ya cuce mu. Inna na shiga zai ce ta zauna kada ta wahala. A zaune yake auna mata jini, a zaune yake tambayarta, a zaune yake rubuta magani. In mun tashi tafiya kuma ya sunkuyar da kai, don ba ya iya bin tsohuwa da kallo. Ciwon Inna kuwa a tsaye yake, a tafiya yake, a juyawa yake. Ba a taɓa ganinsa ba.

Na biyu. Ka san halin iyayenmu Fulani. Inna ba za ta taɓa ce wa namiji sa'an ɗanta ƙafafunta na yaudararta ba. Ya tambaye ta mi ke damunta, ta ja mayafi ta ce da sauƙi, ɗan ciwon jiki ne. Hannun da ke rawa yana ƙarƙashin mayafi ta danne shi da ɗayan. Na buɗe baki zan yi bayani ta harare ni, na fasa, don ba a ƙaryata uwa gaban baƙo. Na miƙa masa waya don ya ga bidiyon, ya ce in bari, ai tsufa ne. Aka ba mu maganin ciwon jiki da na ƙarin jini. Shi yana jin nauyinta, ita tana jin kunyarsa, ciwon yana ta tafiya abinsa.

Bayan ƙaramar salla ta faɗi a bakin murhu. Da baya ta tafi, tana ja da baya ne kawai za ta kauce wa hayaƙi. Tukunyar ruwan zafi ta kife mata a cinya. Da gefen wutar ta yi, da yau ta'aziyya kuke yi mini.

Ƙunar ce ta kai mu babban asibiti a Sakkwato. Can wata ma'aikaciya, mai koya wa marasa lafiya motsa jiki, ta hango yadda Inna ke tahowa a baranda, ta tsayar da mu. Ba wata na'ura ta ɗauko ba. Ta rufe ƙofa, ta ce Inna ta aje mayafi. Ta sa ta rungume hannu a ƙirji ta tashi daga kujera, Inna ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa. Ta sa ta tafi ƙarshen ɗaki ta juyo, sai ga shi juyawar ma da ƙananan taku take yinta, jiki a sandare. Ta sa ta haɗe ƙafafu ta rufe ido. Daga ƙarshe ta tsaya bayanta, ta gaya mata za ta ja ta, ta kama kafaɗunta ta ɗan fizgo baya. Inna ta tafi gaba ɗaya kamar itace, matar ta tare ta a ƙirji. Ni kuka na yi. Likita ya duba ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai taɓa motsi, wanda suke kira fakinsan. Ya ce ba ya warkewa, amma magani da atisaye suna riƙe mutum a kan ƙafarsa, kuma gara a gane shi tun kafin faɗuwa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Can Sakkwato sun ce sai an riƙa maimaita wannan gwaji lokaci-lokaci, a ga ko maganin na aiki, ko a ƙara ko a rage. Inna kuwa ta rantse ba ta ƙara hawa motar Sakkwato. Tafiyar na karya ta, kuma ta ce ba a bar shanu da jikoki a tafi birni don a ture mutum. Na koma asibitinmu na roƙa su riƙa yi mata a nan. Ma'aikacin ya ce ba a koya musu ba, kuma ko an koya masa, shi ba zai iya tsayawa bayan uwar wani ya kama kafaɗarta ba. Ban ga laifinsa ba. Amma ke nan ba mai duba Inna sai ta sake faɗuwa. Da na sa labarin a guruf ɗinmu na mata a waya, sai ga saƙonni, wannan ta ce kakanta ne, waccan ta ce surukarta ce, duk an ce musu tsufa ne ko iska.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne, ba na'ura ba ce. A koya wa ma'aikatanmu wannan gwaji, kujera da fili kawai yake buƙata. A sa ya zama doka, duk dattijon da aka kawo da rawar hannu ko jiri ko faɗuwa, kada ya fita sai an ga tashinsa da tafiyarsa. In doka ce, yaro ba zai ji ya yi rashin kunya ba, tsohuwa ma ba za ta ga an raina ta ba. A ba mu mace ko da ranar kasuwa kaɗai, da ɗaki mai labule, maza kuma namiji ya duba su. Sannan a riƙa sauraron wanda ya rako mara lafiya, ko a waje ne, inda tsohon ba ya ji.

Jiya na je ruga, na zauna da Inna har la'asar ina lallashi. Da ƙyar ta ce in nan kusa ne, kuma in mace ce, za ta yarda a gwada ta. Ranka ya daɗe, ka san irin nauyin wannan kalma a bakinta. Ni na gama nawa. Ranar kasuwa mai zuwa zan kawo ta asibitinmu, ban sani ba ko za mu tarar da kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya jiƙan magabatanka, waɗanda ke raye kuma ya bar maka su a kan ƙafafunsu.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza, Illela.