Fayil Ɗin da Ya Ce Babu Komai

Ƙanina,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ga wani fayil na turo maka daga 'yar rikodar nan ta Mama, Allah ya jiƙanta. Idan na buɗe shi, sai kwamfuta ta nuna tsawonsa sifili ne. Tunda kai ne bokan kwamfutar gidanmu, duba mana. Ko tarinta ne a ciki, ina son in ji.

Yayarka.

Yaya,

Na same ki lafiya? Ki zauna kafin ki karanta wannan: muryar Mama tana ciki!

Kowane fayil irin wannan yana da kai, 'yan lambobi ne a farkonsa da ke faɗa wa kwamfuta irinsa da tsawonsa. Na rubuta 'yar manhaja ta karanto min su ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai, sai gurbin tsawo na tarar da sifili. Ashe rikodar ba ta cike wannan gurbin sai an danna maɓallin tsayawa. Kin tuna yadda Mama ke kashe ta? Zare batir kawai take yi ta ƙulle a bakin zane, wai kada ya sha iska ya ƙare. Mun sha yi mata dariya a kan haka.

Sai na sa manhajar ta ƙyale kan, ta karanta har ƙarshe. Wallahi a ofis na yi kuka, abokan aiki suna kallona. Labarin haɗuwarta da Baba take ba mu, har da dariyarta. Sai dai daga tsakiya ta ɗauko, da cewa, "To, mu ɗora daga inda na tsaya jiya." Ke nan akwai na jiya, akwai na shekaranjiya. Ki turo min su duka, kada ki bar ko ɗaya.

Ki gaishe min da yara.

Ƙaninki.

Ƙanina,

Na ga saƙonka.

Fayil ɗin da yawa ne, sun cika katin ajiyar da ke cikin rikodar. Duk sifili suka nuna min, na ɗauka Mama ba ta iya danna abin ba ne. Bara na goge su, na ba yara katin suka cika shi da hotuna. Wannan ɗin ma kuskure ne ya bar shi a kwamfutata. Da na sani, da kai na fara tambaya.

Turo min in ji. A ina ta tsaya?

Yayarka.

Yaya,

Ga shi nan. Ta ce, "Sauran sai gobe," sai ƙarar zare batir.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninki.