Takardar da Baba Ya Adana

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Baba.

Kin ce na yi shiru. Takaici ne ya hana ni rubutu. Wata bakwai ke nan da na dawo daga ƙasar waje da digirin likitan haƙori, har yau ban taɓa bakin kowa ba. A asibitin da nake, aikina wanke kayan aiki da kiran sunan masu jira. Jiya na ga wani sabon likita zai cire haƙorin da ciko kawai yake buƙata. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce in miƙo masa auduga. Na miƙa.

Ranar Litinin na kai takarduna hukumar ba da lasisi. Matar da ke karɓa ta shafa shaidar digirina da yatsa, ta turo mini abata. Wai an manne ta cikin roba, ba za su iya taɓa hatimin su tabbatar na gaske ne ba. Na nuna mata matar da ke gabana a layi, wadda ita ma tata a roba take, kuma an karɓa. Ta ce ai waccan a nan ta yi karatu, waya ɗaya za su buga wa makarantarta. Ni kuwa an haɗe makarantarmu da wata, sau huɗu ina rubuta musu, ko tari ba su yi ba.

Kin san wanda ya manne ta. Baba ne ya kai ta shagon masu hoto da kansa, don kada ruwa ko gara su taɓa ta.

Hanya ɗaya ta rage: wanda ya sa aka manne ya bayyana gaban kwamiti ya rantse kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi. Ba zan iya ba. Baba ya ɗauka marasa lafiya nake dubawa, ni na gaya masa haka. Don Allah kada ki faɗa masa.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya, yara na gaishe ki.

Wato shekara shida kika yi kina koyon cire abin da ke ciwo, amma naki kin rufe baki a kansa. Taurin kan nan naki ban san inda kika samo shi ba. Baba ba ƙwai ba ne da zai fashe. Gaskiya dai zai ji ciwo, don duk wanda ya riƙe kunci a layinmu sai ya ce masa ya jira 'yarsa ta zo hutu. Mai gyaran keke ma tun watan jiya yake jiranki da kumburarren baki.

Amma shekara guda fa kike shirin zubarwa. Ki ba ni izini in gaya masa.

Allah ya shirye ki.
Yayarki

*

Yaya,

Na ga saƙonki, na gode. Ban ba ki izini ba.

Gara in ƙara shekara ina wanke almakashi da in ga Baba tsaye gaban mutum biyar yana cewa shi ya ɓata mini. Bai ɓata komai ba. Su ne suke da ma'auni biyu.

Kewa dai tana damuna. In na dawo ɗaki babu mai ce mini sannu. Kujera ɗaya gare ni, a kanta nake ci, a kanta nake bitar littattafaina don kada hannuna ya manta. Wani lokaci sai in tarar tun da na baro asibiti ban furta kalma ko ɗaya ba. Saura kwana tara, na riga na cire rai.

Ki kula mini da shi.
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka.

Kada ki ga laifin yayarki. Na lura ba ta iya haɗa ido da ni, na tsare ta sai da ta faɗa.

Ranar Laraba na hau mota na je hukumar. Na tsaya gabansu na rantse ni na sa aka manne. Na tambaye su ko akwai uban da za a ba shi irin wannan takarda ya bar ta ga gara. Babbansu ya rubuta, ya ce za su zauna, za ki ji daga gare su. Ban san abin da za su yanke ba.

Daga nan na nemi asibitinku. Na tsaya a tsallaken titi, na hango ki ta taga kina goge tire, kanki a ƙasa. Na daɗe a wurin. Ban shigo ba, don ban san wanda zai fi jin kunya tsakaninmu ba.

Ki yafe mini. Kuma ki zo gida ranar Asabar, da lasisi ko babu.

Mahaifinki